Malam Muhammadu Tukur Na Matuzgi: Almajirin Shehu Da Ya Yi Rubutu Kan Lafiyar Zaman Aure

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci mutum daga ɗigon ruwa, Ya sanya masa dangantakar jini da ta surukuta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, idan aka ambaci malaman jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, abin da ya fi saurin zuwa zukatan mutane shi ne tauhidi da fiƙihu da sha'anin mulki da filin daga. Kaɗan ne suka san cewa a cikin wannan jama'a akwai malamin da ya zauna a ƙasar Zamfara, a wani gari kusa da Talata Mafara, ya ɗauki alƙalami ya rubuta littafi da Larabci a kan abin da yawancinmu a yau muke jin nauyin furtawa ko a gaban likita, wato lafiyar miji da mata a cikin zamansu na aure. Wannan malami shi ne Malam Muhammadu Tukur ɗan Muhammadu, wanda aka fi sani da ɗan Binta, mutumin Matuzgi, Allah Ya yi masa rahama. Ya rayu a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon ƙarni na 19, ya yi zamani da Shehu da ƙanensa Malam Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. Tarihinsa yana nuna yadda magabatanmu suka ɗauki matsalar ɗakin aure a matsayin babi na ilimi wanda malami mai tsoron Allah zai tsaya a kansa, kuma yana nuna cewa ba su yi wannan aiki a ɗaiɗaice ba.

Ƙasar da ya zauna da zamanin da ya samu

Kafin a fahimci malamin sai an dubi ƙasar. A tsakiyar ƙarni na 18 Gobirawa sun ci Birnin Zamfara da yaƙi a zamanin Sarkin Gobir Babari, suka kafa Alkalawa ta zama hedikwatarsu. Daular Zamfara ta wargaje, sarakunanta suka warwatsu, talakawa suka shiga hannun masu ƙarfi. A cikin wannan hali ne Shehu Usmanu ya shigo Zamfara da wa'azi wajen shekarar 1786, ya shafe kimanin shekara biyar yana zagaya garuruwa yana karantar da maza da mata. Ya zauna a Faru, a yankin Maradun na yau, kuma a wannan lokaci ne Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami da babbar salla wajen 1788. Sarki ya yi wa malamai kyauta, Shehu bai karɓi dukiya ba, sai ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a mutunta duk mai rawani, a saki waɗanda ke tsare, a kuma sassauta wa talakawa haraji.

A Zamfara ɗin ne kuma wani malami daga Barno, Mustafa Gwani, ya soki Shehu a kan halartar mata wurin wa'azinsa. Malam Abdullahi ya mayar masa da amsa a waƙe, kamar yadda ya kawo labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙat, yana mai kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni. Shehu da kansa, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a zaure alhali matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin tsarki da salla ba. Wannan ita ce makarantar da Malam Tukur ya fito daga cikinta, makarantar da ta ɗauki cikin gida a matsayin wurin da gyara yake farawa.

Daga nan al'amura suka yi tsanani. An yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, aka yi nasara a Tabkin Kwatto a watan Yuni, sannan a ƙarshen shekarar aka sha kashi a Tsuntsuwa, inda jama'a ta rasa kimanin mutum 2000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. A 1805 jama'ar Shehu ta yada zango a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara ana fama da yunwa. Alkalawa ba ta faɗi ba sai a 1808. Shekaru huɗu na yaƙi da ƙaura da ƙarancin abinci sun bar gwauraye da marayu da masu raunuka, sun bar gidaje da yawa da ke buƙatar a sake gina su da sabon aure da sabuwar zuriya.

Almajiri, sufi, mawaƙin wa'azi

Malam Muhammadu Tukur Bafillace ne, kuma ana lissafa shi cikin almajiran Shehu na kusa waɗanda suka shahara da sufanci da yawan ibada. Jama'ar Shehu a kan ɗariƙar Ƙadiriyya take, kuma tarbiyyar da ta ba almajiranta ta haɗa zikiri da gudun duniya tare da karatun fiƙihun Malikiyya da hadisi da nahawu. Da yawa daga cikin abokan Shehu sun karɓi tuta ko sarauta bayan nasara. Sunan Malam Tukur kuwa da karatu da rubutu da magani ya shahara, kuma garin da aka san shi da shi shi ne Matuzgi, wanda har yau sunansa yake cikin jerin mazaɓun ƙaramar hukumar Talata Mafara.

Kamar sauran malaman jama'ar, ya yi amfani da harsuna uku. Larabci na malamai da ɗalibai ne, Fulatanci da Hausa kuma na sauran jama'a ne da ba su zauna a gaban malami sun sauke littattafai ba. Ya yi waƙoƙi da Fulatanci, kuma ana jingina masa waƙoƙin wa'azi na Hausa, waɗanda suka fi shahara su ne Baƙin Mari da Sharifiyya. Baturen nan Mervyn Hiskett ya yi nazarinsu a littafinsa na tarihin waƙoƙin addini na Hausa da ya fito a 1975. Baƙin Mari waƙa ce ta tsoratarwa, tana tunatar da mutuwa da kwanciyar kabari da tsayuwar hisabi da azabar da ke jiran wanda ya bijire.

Wannan gefe na rayuwarsa yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Mutumin da ya rubuta littafi a kan zamantakewar miji da mata shi ne mutumin da ya yi wa jama'a waƙar marin wuta. Ba a san shi da wasa ko sakin baki ba. Tsoron lahira da kula da haƙƙin shimfiɗar aure daga tushe ɗaya suka fito a wurinsa, domin haƙƙin mata yana cikin abin da za a tambayi bawa a kansa ranar tsayuwa.

Littafinsa a kan Sunayen Allah

A shekarar 1224 bayan hijira, wadda ta yi daidai da 1809, ya rubuta Ƙira'ul Ahibba'i fi Bayani Sirril Asma'i, wato liyafar masoya wajen bayanin sirrin Sunaye. Shekarar tana da ma'ana: shekara guda ke nan da faɗuwar Alkalawa, kuma a cikinta Muhammadu Bello ya fara gina Sakkwato. Takubba ba su gama komawa kube ba aka shiga rubutu a kan waraka. Littafin yana bin kyawawan Sunayen Allah, yana bayanin fa'idar kowanne da yadda ake roƙo da shi wajen neman sauƙin cuta da yayewar damuwa da biyan buƙata.

Dalilin fara aiki ta wannan ƙofa a fili yake. Mutanen da suka amsa kiran Shehu sun taso ne a ƙasar da mara lafiya yake nufar ɗan bori ko boka, a yi girka, a yi yanka ga iskoki. Macen da ta daɗe ba ta haihu ba ita ce ta fi kowa faɗawa wannan tarko. Idan malami ya hana mutum zuwa gindin tsamiya bai nuna masa inda zai kai kukansa ba, to zai koma da dare. Malam Tukur ya nuna wa mutane cewa wanda ake roƙo Shi ne Allah, da Sunayen da Ya ambaci kanSa da su.

Malamai sun yi saɓani a kan wasu sassa na fannin asirin sunaye da haruffa, musamman ƙayyade adadi da lokuta da ba su zo a nassi ba. Ma'aunin da ɗalibi zai riƙe shi ne wanda Hafiz Ibnu Hajar ya kawo a Fathul Bari, cewa ruƙya ta halatta da sharuɗɗa uku: ta zama da maganar Allah ko Sunayensa da Siffofinsa, ta zama da harshen da ake fahimtar ma'anarsa, kuma a ƙudurce cewa ba ita ke yin tasiri da kanta ba, Allah ne Mai warkarwa. Da wannan ma'auni ake karanta littafin Malam Tukur da na waninsa.

Littafin taimakon 'yan'uwa

Littafin da ya keɓanta da shi a tsakanin malaman zamaninsa shi ne Mu'awanatul Ikhwani fi Mu'asharatin Niswan, ma'ana taimakon 'yan'uwa game da zamantakewa da mata. Masu nazarin rubutattun littattafan magani na ƙasar Hausa sun bayyana shi a matsayin littafin da ya shafi lafiyar saduwar aure da maganin raunin da ke samun namiji, wanda bai tsaya ga addu'a kaɗai ba, ya haɗa da magungunan da ake sarrafawa daga tsirrai da makamantansu. Sunan littafin kansa darasi ne. Kalmar mu'ashara ita ce wadda ta zo a aya ta 19 ta Suratun Nisa'i, inda Allah Ya umurci maza da kyautata zama da matansu. Da wannan suna marubucin ya sanya maganin jiki a ƙarƙashin umurnin Alƙur'ani, ya nuna cewa lafiyar miji haƙƙi ce ta matarsa.

Wanda ya karanta babin aure a Risala ta Ibnu Abi Zaid ko Mukhtasar na Sidi Khalil zai gane gurbin da littafin ya cike. A fiƙihun Malikiyya, idan aka ɗaura wa mutum aure ya kasa kusantar matarsa, ita kuma ta kai ƙara, alƙali ba ya raba auren nan take, kuma ba ya korar matar ya ce ta yi rashin kunya. Yana yanka wa mijin wa'adin shekara guda. Idan ya samu lafiya a cikinta aure ya tabbata, idan bai samu ba matar tana da zaɓin rabuwa. Asalin wannan hukunci yana komawa ga Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi. Malaman fiƙihu sun bayyana hikimar shekara da cewa tana tattare da yanayi huɗu, ta yiwu cutar ta zo ne daga zafi ko sanyi ko danshi ko bushewa, sai ta gushe idan yanayi ya juya. Haka nan macen da aka samu da toshewar gaba, Khalil ya ambaci cewa ana ba ta lokaci domin neman magani gwargwadon ganin masana.

To, shari'a ta ba da wa'adi, amma littafin fiƙihu bai faɗi abin da mutum zai sha ko zai ci a cikin wannan shekara ba. Alƙali ya gama nasa, saura na mai magani. Idan babu mai magani amintacce, shekarar za ta ƙare a banza, ko ta ƙare a hannun boka. Wannan gurbi ne Malam Tukur ya tsaya a cikinsa. Aikinsa yana tsakanin kotun alƙali da ɗakin ma'aurata, kuma abin da ke rataye a kansa shi ne auren mutane ya rayu ko ya mutu.

Ba shi ne farkon malamin Musulunci da ya taɓa wannan fanni ba. Abubakar Arrazi ya yi littafi a kan saduwa da amfaninta da cutarwarta. Ibnu Sina ya ware sassa a cikin Alƙanun ga gaɓoɓin haihuwa na maza da mata. A Ƙurɗuba ta Andalus, a ƙarni na 10, Arib ɗan Sa'ad ya rubuta littafi a kan halittar ɗan tayi da kula da masu ciki da jarirai, Azzahrawi kuma ya yi bayanin aikin ungozoma da kayan aikinta. Imam Gazali ya ware littafin ladubban aure a cikin Ihya'u, Ibnul Ƙayyim ya yi magana a kan saduwa a sashen magani na Zadul Ma'ad, Imam Suyuɗi, wanda ya aike wa sarakunan Katsina da Agadas da wasiƙar nasiha kafin rasuwarsa a 1505, yana da rubuce-rubuce a kan aure. Abin da ya bambanta aikin Malam Tukur shi ne wurin da aka yi shi. Littattafan Misira da Sham suna ambaton itatuwa da ƙwayoyin da ba lallai ne manomin Zamfara ko makiyayinta ya same su ba. Malamin da ke zaune a Matuzgi ya san mutanensa da harsunansu da abin da dajinsu ke fitarwa.

Tushen wannan ƙarfin hali yana cikin sunna. Bukhari ya ruwaito labarin matar da ta rabu da Rifa'atu Alƙurazi ta auri wani, ta zo gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana kukan raunin sabon mijinta, kuma ya saurare ta ya ba ta hukunci. Ummu Sulaim ta yi tambaya a kan mafarkin mace da wankansa, aka ba ta amsa. Uwar Muminai A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba.

Abokan aikinsa

Malam Tukur bai kasance shi kaɗai ba a fagen magani. Haɗin gwiwar malaman wancan zamani yana gudana ne ta hanyar karatu a gaban juna, da aika tambaya a karɓi amsa, da kwafar littafi da hannu a kai wani gari, da mayar da abin da aka rubuta da Larabci zuwa waƙar Hausa ko Fulatanci. Shehu ya bayyana wannan tsari a Najmul Ikhwan, wanda ya rubuta wajen 1812. A ciki ya kwaɗaitar da almajirai su karanta littattafan malaman zamaninsu domin su ne suka fi sanin abin da zamanin ke buƙata, ya kuma nuna cewa Abdullahi ya fi karkata ga tsare zahirin shari'a, Bello ga siyasar al'umma. Kowa da ɓangaren da ya riƙe, ginin kuwa ɗaya ne.

Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya rasu a 1829, ya rubuta Masalihul Insan, littafin da sunansa ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ne ya fi kowa yawan rubutu a wannan fanni. Yana da Almawaridun Nabawiyya a kan maganin da ya zo daga Annabi, da Ujalatur Rakib, da littafi a kan ciwon basir, da Masugul Lujain a kan ciwon ido, da wata risala a kan amfanin filasko. Lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abin da Bello ya nema a wasiƙarsa zuwa ga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita. Da Clapperton ya dawo a 1826 ya kawo masa littattafan Larabci, cikinsu akwai na Ibnu Sina da na Iƙlidis masanin lissafi. Shugaban da ya yi yaƙi don tsayar da shari'a bai ga aibi ba a neman ilimin magani daga wanda ba addininsu ɗaya ba.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, shekaru talatin bayan Ƙira'ul Ahibba'i. Ta bi hanya mai kama da tasa, sai dai ita surorin Alƙur'ani ta bi tana ambaton fa'idojinsu wajen neman waraka da kariya, har da abin da ya shafi masu ciki. Ta hannun jajis na ƙungiyarta ta 'Yan Taru kuma karatu ya riƙa isa ga matan ƙauyuka a cikin ɗakunansu. Idan aka jera waɗannan ayyuka za a ga siffar aiki guda: wani ya riƙe ƙa'idojin kiwon lafiya, wani ya riƙe cututtuka ɗaya bayan ɗaya, wata ta riƙe ɓangaren mata, shi kuma mutumin Matuzgi ya riƙe babin zaman aure.

Duk wannan an yi shi ne ba cikin kwanciyar hankali ba. Bayan rasuwar Shehu a 1817 yankin Zamfara ya sake ɗaukar wuta. Banaga ɗan Bature na Morai, kusa da Mafara, ya yi tawaye. Malam Abdussalami, wanda ya saɓa da Bello a Kware, ya gudo da rauni ya rasu a Bakura a farkon 1818. Daga baya Bakura ta zama ɗaya daga cikin ribaɗoɗin da aka kafa don tsaron iyaka. A irin wannan ƙasa mai yawan hargitsi aka adana littattafan Malam Tukur, almajirai suka yi ta kwafarsu hannu da hannu har suka iso gare mu.

Tasirinsa bayan rasuwarsa

Ana auna tasirin malamin wancan zamani da cewa an ci gaba da kwafar littafinsa bayan ba ya nan, domin takarda tana da tsada, ba a ɓata ta a kan abin da ba a amfani da shi. Littattafansa biyu sun tsira, kuma sun shiga hannun masu bincike na zamani. An lissafa su a kundin rubuce-rubucen Larabci na Afirka wanda John Hunwick ya jagoranci tattarawa, a juzu'i na biyu da ya fito a 1995. Ismail Abdalla, ɗan ƙasar Sudan, ya tattauna su a littafinsa na 1997 a kan Musulunci da magani da masu magani a Arewacin Najeriya. Farfesa Mukhtar Umar Bunza na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ya yi rubuce-rubuce a kan littattafan magani na Daular Usmaniyya, Jean Boyd da Beverly Mack kuma sun ambace shi a nazarinsu na ayyukan Nana Asma'u. Sunan wani ƙaramin gari na ƙasar Mafara ya shiga ɗakunan karatu na Ingila da Amurka saboda alƙalamin mutum ɗaya.

Abin da ya rage a kanmu

Gurbin da Malam Tukur ya tsaya a ciki yana nan har yau, sai dai waɗanda suka cika shi sun sauya. A kasuwanni da tashoshin mota ana tallan maganin maza da lasifika da kalaman da ba su dace da kunnen yaro ba, kayan mata kuma sun cika Facebook da TikTok. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan wasu haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan na gargajiya alhali an zuba musu sinadarin sildenafil a ɓoye, wanda yake da haɗari ƙwarai ga mai shan wasu magungunan ciwon zuciya. Malamai sun ja baki saboda kunya, marasa kunya suka karɓe fagen.

Haka kuma zaluncin da ake yi wa mata a kan rashin haihuwa bai gushe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yana fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai matsala daga ɓangaren namiji. Amma a gidajenmu mace ake kira juya, ita ake yi wa gori, ita ake saki, mijin kuwa ba ya yarda a auna maniyyinsa, gwajin da ba shi da wahala. Ayoyi na 49 da 50 na Suratus Shura sun bayyana cewa Allah ne ke ba wanda Ya so 'ya'ya mata, Ya ba wanda Ya so maza, Ya haɗa wa wanda Ya so, Ya bar wanda Ya so ba haihuwa. Malaman Malikiyya ba su lissafa rashin haihuwa cikin aibobin da ake mayar da aure saboda su ba. Annabi Zakariyya ya kai tsufa da matarsa yana roƙon Allah bai wulaƙanta ta ba. Littafin Malam Tukur maza ya fuskanta, su ya kira 'yan'uwa masu buƙatar taimako, kuma wannan kaɗai ya isa tunatarwa cewa rauni yana iya zuwa daga miji.

Yawancin dalilan suna da suna kuma suna da magani. Ciwon suga da hawan jini suna raunana namiji. Ciwon sanyi da aka bari ba a yi maganinsa da kyau ba yana toshe hanyar ƙwai ga mace da hanyar maniyyi ga namiji. A yankin noman rani na madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 take shayar da gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun, ya kamata a kula da tsargiya, domin ba ta tsaya ga fitsarin jini na yara ba, tana iya taɓa gaɓoɓin haihuwa na maza da mata, alhali ƙwayar praziquantel tana maganinta. Likitoci suna ba da shawarar ma'aurata su je asibiti tare idan shekara ta cika ba a samu ciki ba. Ko dashen ƙwan haihuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta shi a zamanta na Amman a 1986 idan buƙata ta kama, da sharaɗin maniyyi na miji ne, ƙwai da mahaifa na matarsa ne, ba tare da shigar wani na uku ba.

Girmama Malam Tukur ba ya nufin a ɗauki haɗin da aka rubuta shekaru ɗari biyu da suka wuce a sha ba tare da awo ba. Ya yi aiki da iyakar ilimin zamaninsa, mu ma ana binmu bashin yin aiki da iyakar ilimin namu. Jami'ar Jihar Zamfara a Talata Mafara take, Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da masana Larabci da na harhaɗa magunguna, Asibitin Koyarwa na Sakkwato da Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Gusau suna da likitocin mata da haihuwa. Littafi irin Mu'awanatul Ikhwan yana buƙatar a taru a kansa: mai Larabci ya tace kwafe-kwafensa, mai Fulatanci da Hausa ya tantance kalmomi, masanin tsirrai ya gano itatuwan, mai harhaɗa magani ya gwada amfaninsu da illarsu. Gidajen malamai da ke riƙe da tsofaffin takardu a wannan yanki, musamman a wannan lokaci da rashin tsaro ke tayar da ƙauyuka, su bari a ɗauki hotonsu a adana kafin wuta ko gara ta riga mu. Limamai kuma su koyar da babin haƙƙoƙin shimfiɗa da aibobin aure a zaman karatu na manya, da ladabin da littattafan fiƙihu suka koyar, su nuna wa mai matsala hanyar asibiti tare da hanyar addu'a.

Allah Ya jiƙan Malam Muhammadu Tukur da Shehu da sauran malamanmu, Ya haskaka makwancinsu. Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya azurta masu neman haihuwa da zuriya ɗayyiba, Ya dawo da zaman lafiya a Zamfara da ƙasarmu baki ɗaya. Allah ne Mafi sani.